Uwa da Doki a Faifan Tagulla

Kwana arba'in ke nan da aka ɓamɓare Asiya daga jikin uwarta Rakiya, ita kuwa ba ta yi kuka ba. Tana zaune a ɗakinta na kara a unguwar Hindawiyya, ba mai gaishe ta, ba mai sayen waina a hannunta. Marainiya ce, ga takaba ba ta daɗe da fita ba, sai kuma aka liƙa mata sunan 'yar bori. A Makka ta wancan zamani, wannan suna ya fi kuturta muni.

Abin da ya jawo shi ne usturlabi, wani tsohon faifan tagulla ƙirar Lahor mai rubutun Farisanci, wanda ake auna rana da taurari da shi. Mahaifinta, Malam Yunus, ya samo shi daga wani Ba'indiye mai lura da lokutan salla da ya yi wa hidima. Ya koya mata sunayen sassansa da Hausa: babban faifan uwa, ragar taurarin gizo-gizo, ɗan makullin tsakiya doki.

Wata rana tana nuna wa Asiya, ta ce, "Idan doki ya zauna daidai, uwa ba ta motsi." Mairama, yayar mijinta marigayi, tana bayan zana. Allah bai ba ta haihuwa ba, ta daɗe da sa ido a kan yarinyar. Mai neman kuka aka jefa da kashin awaki... Kafin azahar unguwa ta ɗauka cewa Rakiya dokin iskoki ce, tana kiran Uwa, iskar bori. Dangi suka miƙa wa Mairama yarinyar, wai don a tsare mata imani.

Ranar da aka shiga mahkama, wato kotu, kan riƙon yarinyar, Mairama ta rantse. "Wallahi ya Shekh, da kunnena na ji ta."

Alƙali ya juya faifan a hannunsa, ya dubi Rakiya. "Ya binti, 'yata, me kike yi da wannan?"

"Abin da Abuya ya koya mini," in ji ta.

Ta karɓi faifan, ta fita tsakar gidan mahkama, ta rataya shi a yatsa, ta saita shi da rana, ta juya ragar. "La'asar ta shiga." Ba ta rufe baki ba sai kiran salla ya taso daga Harami.

Alƙali ya cire ɗan makullin. "Da Larabci ma sunansa faras, doki. Tayyib, to ina borin?" Ya yanke wa Mairama bulala kan shaidar zur, matan da suka rako ta suka zame ɗaya bayan ɗaya.

Aka turo Asiya. Ta tsaya nesa, tana tsoron uwarta. Rakiya ta durƙusa, ta ga kitson da ke kan yarinyar nata ne, ya dunƙule, ba wanda ya taɓa shi. Nan bakin ƙofar mahkama ta zauna a ƙasa ta soma tsefe shi. Yarinyar ta kwantar da kai a cinyarta, ta ce, "Ummi, a hankali." Sai a lokacin hawayen suka zo.