Tsohuwar da Badamasi Ya Goge

Ga ta nan, ga ta nanku.

Ta zo, kunnuwanmu na nan.

Badamasi ma'aikacin gwamnatin tarayya ne, amma ransa yana kan ɗaukar hoton tsofaffin gine-gine. Wata Asabar da la'asar ya hau dutsen da ke bayan Dutse Alhaji, inda kangon wani tsohon ƙauye yake: ɗakunan laka, rumbuna, da zaure mai zane a goshi.

A bakin zauren wata tsohuwa na zaune tana tsince wake. Bai yi sallama ba, bai gaishe ta ba. Gudu yake kada rana ta faɗi. Ya ɗauki hotonsa ya sauko.

Ranar Litinin ya nuna wa Rosemary, abokiyar aikinsa da ta san manhajojin gyaran hoto.

"Oga, biyu ne," in ji ta. "Wannan haske kawai take gyarawa. Waccan kuwa goge mutum take, kamar ba a haife shi ba."

"Ba ni waccan. Tsohuwar nan ta ɓata min zaure."

Ya shafa yatsa a kan hoton, tsohuwar ta ɓace.

Bayan kwana uku matarsa Hansatu ta sauko da hoton bikinsu. Ga ta nan cikin kwalliya. Gefenta, inda yake a da, bango ne kawai. Ya zaro katinsa na ofis. Suna na nan, fuska babu.

Kunya ta fi tsoro yawa a ransa, don ba haka aka rene shi ba. Ya wanko hoton zauren na asali, mai tsohuwar a ciki, ya sake hawa dutsen gab da magariba.

Ba kukan tsuntsu. Sai warin hayaƙin itace, alhali ba wuta.

Ƙas. Ƙas. Wake na faɗawa ƙwarya.

"Salamu alaikum," ya ce a hankali.

"Au, ashe ka iya?"

Daga bayansa muryar ta fito. Ya durƙusa.

"An tashe mu sau ɗaya, lokacin da za a gina garinku. Na ƙi tafiya. Kai kuma ka tashe ni da yatsa."

"Iya, na yi laifi."

"Juyo ka kalle ni."

Ya juyo.

Ga kallabi. Ga kunnuwa. Tsakani kuwa laka ce sumul, irin ta bangon zauren.

Yatsa mai sanyi ya sauka a goshinsa, ya fara shafawa.

Ya ajiye hoton a ƙwaryar, ya ja a'uzu, ya gangaro yana faɗuwa yana tashi, har ya ji kiran salla daga ƙasa.

Da gari ya waye, fuskarsa ta dawo cikin hotuna. Sai dai a kowanne, har na bikin, kansa a sunkuye yake. Sau uku ofis suka sake masa hoton kati, yana zazzare ido ga mai ɗauka. Haka dai yake fitowa, yana kallon ƙasa.

Ƙurunƙus, sauran yana kan ɗan ɓera.