Amsar da Kaka Ta Jira

Can a da, a gindin wani dutse, an yi wani yaro, Jatau. Kakarsa tana da wani ƙaramin yare. Kullum takan ce, "Zo ka koya, angona." Shi kuwa sai ya ce, "Kaka, wa ke jin wannan a duniya?"

Ya tafi birni ya koyi manyan harsuna.

Da ya dawo, tsufa ya kwashe mata Hausa, yarenta kaɗai ya rage. A al'adarsu, tsohuwa kan sa wa jika albarka, jika ya amsa. Ta riƙe hannunsa, ta yi magana mai tsawo, ta tsaya tana jira.

Jatau ya gwada harsunansa ɗaya bayan ɗaya. Tana ta jira, har ta saki hannun.