Hannun Mode

Gab da magariba na rataya goran kamun kifin mahaifina a kafaɗa na nufi tafki, in jiƙa shi in ga ko ya tsage. Washegari ne su, ranar da Sarkin Ruwa ke buɗe tafki gari duka ya faɗa kamun kifi, kuma na rantse ba zan tsaya a gaɓa ina kallo ba.

Raina a ɓace na fito. Shekaru na yi a Jos tun da aka kwashe mu haƙar kuza a diban gwamna, aikin tilas, kuma ba abin da ya riƙe ni a cikin ramukan nan sai tunanin ranar da zan koma ƙauyenmu, can tsakanin Wurno da Goronyo. Da gangan na daidaita zuwana da bikin, ina zaton gari zai ɗauka da murna. Ina! Na iske kowa na ta kansa. Wannan na ɗinkin komar kamun kifi, wancan na yawon aron gora, mata na ta daka saboda masu zuwa daga Rabah. Wana Yusufu ya ba ni hannu idonsa na wani wajen. Goggo Kaltume, wadda ta goya ni, ta shimfiɗa min sabuwar tabarma a zaure, ta aiko min da fura a ƙwaryar baƙi. A gidan ubana!

Na haɗiye, don ni Mode nake nema, abokina tun muna wasan ƙasa, wanda ya koya min kwanciya a kan gora cikin ruwa. Na tambayi Yusufu ko bai ji na zo ba.

“Ka huta tukun, Abdu,” in ji shi. “Mi kaka ma gaugawa?”

Na tambayi Goggo. Ta ce, “Sha hurarka dai, ɗan nan. A gama su lahiya, sai a yi zance.”

Na taka har gidansu Mode, na iske an kare ƙofar zaure da zana. Tsohon da ke maƙwabtaka da su ya ce ba su nan, ya shige gida kamar na zo karɓar haraji. Na ce to, har Mode ma guduna yake. Na sha jin ana cewa kowa ya bar gida gida ya bar shi, ban san haka take da ɗaci ba.

Shi ya sa da Yusufu ya gan ni da gora ya ce, “Ba a zuwa tabki jajibirin su, ka mance? Masu wurin na kwashe ɗiyansu,” sai na ce masa, “Ni baƙo na, ban san dokarku ba,” na wuce.

Hanyar ta ratsa gonakin albasa da aka riga aka cire. Ƙasa na huci da zafin bazara. Kiɗan gari na bina a baya, yana raguwa. Can warin taɓo ya tare ni, da ƙarnin kifi, da kukan kwaɗi kamar za su fasa kunne.

Ina taka gaɓa suka yi tsit. Gaba ɗaya.

Wani na tsugune a bakin ruwa, ya ba ni baya. Na yi sallama, bai amsa ba. Ya dai juyo a hankali.

“Ƙadiri,” ya ce, murya ƙasa-ƙasa. “Kai na?”

Duk duniya Mode kaɗai ke kirana haka. Ga gibinsa, ga tabon ƙaho a goshinsa. Ya miƙe ya miƙo hannu, na cafke. Hannun da sanyi, na ce ai ruwa ya taɓa.

“Ka taho lahiya?”

“Lahiya lau, Mode! Ina kash shiga?”

“Ina gajiya? Ina mutanen Jos? An ce akwai ɗari can. Kun sha wuya ko, Ƙadiri?”

Idona ya ciko. Tun da na sauka ba wanda ya yi min wannan tambayar. Na shiga ba shi labarin ramuka, da waɗanda tari ya kashe, da yadda nake mafarkin tafkin nan. Yana gyaɗa kai. Duk tambaya ɗaya sai ya ja da baya kaɗan, ni kuma in bi, don a garinmu ba ka zare hannu mai gaishe ka bai gama ba.

Ruwa ya taɓa min idon sawu. Ban kula ba.

Ya kai gwiwa.

A nan na lura ni kaɗai ruwan ke motsi a jikina. A gefen Mode shafe yake, ko gezau. Kuma duk tsawon gaisuwar nan bai ambaci sunan Allah ba ko sau ɗaya.

“Mode, mu koma tudu. Magariba ta yi.”

“Ka taho lahiya?” ya ce.

Muryar farko, sak. Ya koma farkon gaisuwa.

“Ina gajiya? Ina mutanen Jos?”

Ruwa a ƙuguna. Taɓo na tsotsar ƙafata. Numfashinsa ya bugo min fuska, warin kifin da ya kwana a rana.

Sai na ji su. Daga cikin ciyawa, daga ƙarƙashin ganyen bado, ƙananan muryoyi kamar na yara suna raɗa.

“Ka taho lahiya? Ka taho lahiya?”

Na fizgi hannuna. Kamar na ja gindin tsamiya.

“Sake ni!”

“Ba mu gama gaisawa ba, Ƙadiri.”

Fuskarsa ta nutse har hanci. Idanun na kallona, ba ƙiftawa.

Ƙafata ta rasa ƙasa.

Goran ne ya tokare ni a sama, igiyarsa na yankar hamatata, shi kuma yana ja ƙasa. Na buɗe baki in yi salati, ruwa ya shiga. Na sake gwadawa. Salatin ya fito rabi da rabi. Sai na ji an damƙi igiyar ta baya, muryar Yusufu na kabbara, na kuka. Yatsun nan suka zame daga nawa, ɗaya bayan ɗaya, ba gaggawa.

A kan tudu na amayar da ruwa baƙi ƙirin. Da na iya magana na ce masa Mode na ciki, a koma a ciro shi. Yusufu ya zauna daɓas.

“Mode ya rasu bara, ga bikin su. Nan wurin. Ba a ko ga gawatai ba. Iyalinai sun koma Maikujera.”

“Kuma kunka bar ni ina yawon nemanai? Don mi ba ku hwaɗa man ba?”

Ya sunkuyar da kai. “Ba a tarbon wanda yat taho daga nesa da mutuwa, Abdu. Mun so ka ci bikin tukun.”

Da ina da ƙarfi da na mare shi, wana ne ko ba wana ba.

An yi su washegari, ina kwance a zaure ina jin guɗa daga nesa. Yatsuna na dama sun lanƙwashe, kuma har yau ba su miƙe ba, ko a tsakiyar bazara sanyi gare su. Malamai sun ce ba Mode na gani ba, na kuma yarda.

Da yamma gari duka ya cika zauren, kowa da kifinsa da “sannu, Abdu.” Ranar kowa ya sami lokacina. Suna miƙo hannu, ni kuwa na cusa nawa cikin riga na juya fuska bango. Abin da ke cin raina, wanda ban iya faɗa musu ba, shi ne a duk garin da aka haife ni, abin nan na cikin ruwa ne kaɗai ya tambaye ni ko na sha wuya.