Muryar da Zulfa Ta Goge

Zulfa tana tsince shinkafa a tsakar gida, mahaifiyarta ta fito daga ɗaki da waya a hannu, har tana tuntuɓe da turmi.

"Ke Zulfa! Muryar wa kika goge a guruf?"

"Inna, ƙa'ida ce fa..."

"Ƙa'idar gidanku! Uwar Ja'afar ce! Matar da ko sunanta ba ki isa ki faɗa ba!"

Matan Gafasa ne suka zaɓi Zulfa admin ta guruf ɗinsu na Wasaf, inda ake sanar da suna da biki da rasuwa. Aiki ne ba ko sannu, sai zagi. Sharaɗinsu ɗaya ne: duk saƙon da ya taɓa mutuncin 'yar wani, a goge shi nan take. To, da hantsin nan Hajiya Kadijatu, uwar Ja'afar ɗin, wadda ba ta iya ganin abu ta haɗiye, ta saki murya cewa ta ga Hanne 'yar Hure mai nono a bayan babur ɗin wani ƙato a Gaya. Hanne kuwa an kusa kai ta ɗakin miji a Toranke. Zulfa ta daure ta goge muryar, alhali ita ma maganar aurenta da Ja'afar ake yi.

Da yamma Ja'afar ya zo zance, fuska ba annuri.

"Haba Zulfa, Umma ce fa! Ta rantse ba za a kawo kayan sa rana ba sai kin rubuta a guruf cewa kuskure kika yi. Layi ɗaya kawai, filis."

"Idan na rubuta haka, na ce maganar gaskiya ce ke nan. Hanne fa?"

"Ni fa?"

Sai hawaye suka zubo mata. Tana son Ja'afar, so ba na wasa ba.

Washegari ta je ta durƙusa a gaban Hajiya, ta ba da haƙurin rashin kiranta kafin ta goge. Hajiya ta juya mata ƙeya. Zulfa ta dawo ta rubuta wa matan guruf cewa in sun ga ta yi zalunci su sauke ta, amma ba za ta janye ba. Ba wadda ta tanka. Kowa na tsoron bakin Hajiya. Ja'afar ma ya ɗauke ƙafa, Zulfa ta rame sai idanu.

Ana cikin haka, rannan Hure ta yi sallama gidan Hajiya, ta sauke ƙwarya, ta durƙusa. Ita ba ta da waya, a kasuwa ta ji labarin.

"Hajiya, ba faɗa na zo ba. Wanda kika gani da Hanne yayanta ne, Muhyiddeen, asibiti ya kai ta. Da muryar nan ta isa Toranke, wallahi da sun fasa. Ke ma kina da 'ya'ya mata."

Hajiya ta sunkuyar da kai. Kunya ta rufe ta, ta kasa ko kallon matar.

Kafin la'asar sai ga ta a gidan su Zulfa, Ja'afar na biye yana sosa ƙeya. Zulfa ta ruga ɗaki ta laɓe bayan labule.

"Ku faɗa wa mahaifinta iyayen Ja'afar maza na tafe," Hajiya ta ce wa Inna. "Yarinyar da ta hana ni ɗaukar alhakin 'yar mutane, ita nake so ta haifa min jikoki."

Zulfa ta fashe da kuka, na daɗi wannan karon.

'Yan uwa, duk wanda aka damƙa wa amanar jama'a, ko ta cikin waya ce, Allah zai tambaye shi. Zulfa ta riƙe tata a ranar da riƙon ya kusa raba ta da wanda take so, kuma Allah bai bar ta ta taɓe ba.