Inda Jini Ya Zuba

"Yaya Ɗayyabu, kai zan fara faɗa wa." Salihu ne ke magana ƙasa-ƙasa a ɗakin yayansa marigayi a Zaitawa, hular mamacin na hannunsa.

Tun kafin rasuwar yake son Hodan, 'yar Somaliyawan da ke sayar da turaren wuta a unguwar. Sai ƙaddara ta sa motar wanta Warsame ta buge Ɗayyabu a Ƙofar Ɗan Agundi. Ranar sadakar uku mahaifiyarsu, Inna Asibi, ta yanke hukunci.

"Ka auro mini ƙanwar wanda ya kashe ɗana? Sai dai bayan raina."

"Inna, accident ne fa—"

"To ka auri accident ɗin."

Salihu bai sake tayar da maganar ba. Ya daina zuwa zance, sai rama yake yi.

Bayan sadakar arba'in dattawan Somaliyawa suka zo. Suka ƙi shiga zaure, suka zauna a ƙasa gindin dalbejiyar ƙofar gida. Babbansu, Alhaji Guled, ya yi magana, Inna na ji daga bayan ƙyaure.

"Hajiya, muna da doka, heer muke ce mata. Ba a rubuce take ba, a bakin tsofaffi take. A cikinta mutum ɗaya ba ya kisa. Warsame ya buge, mu duka muka zubar da jinin. Kuma inda jini ya zuba, can ake kai 'ya aure, don a haihu a wurin. Mun tambayi Hodan, ta ce dama can zuciyarta take."

"Yarinya ce za ta maye mini ɗa?"

"A'a. Amma ba za ki iya gaba da kawun jikokinki ba. Mu ma haka."

Inna ta juya ta shige ɗakinta. Watanni suka shuɗe, Hodan ta aiko da turare, a mayar, ta sake aikowa.

Yau da safe Salihu ya ji ƙamshi na tashi daga ɗakin Inna. Ya leƙa, ya tarar da ita gaban kasko, hawaye na zuba.

"Ka ce su dawo gindin bishiyar," ta ce. "In kun haifi namiji, ka san sunansa."

Haka haƙuri yake ga mai biyayyar iyaye: ƙofar da aka rufe masa da kuka, ita ake buɗe masa da albarka.

Salihu ya ajiye hular a kan gadon. Bai faɗa wa kowa ba tukuna, ko Hodan.