Mai Riƙe Ƙasan Waƙa

Mu huɗu ne mawaƙan cocin garinmu a Turingiya, kowa da muryarsa da takardarsa, ni ke ja gaba. Sai tari ya kashe yayana Veit, mai kaurin muryar cikinmu.

Ana gobe jana'izarsa, mun kai dare a benen coci muna gwada waƙar binnewa da muka saba, ta ƙi zama. Ambrosius, abokin waƙarmu, ya yar da takarda. "Kaspar, doki mai ƙafa uku kake kora. Mu tafi gida."

Sai wani baƙo ya hawo benen. Matakalar da ko kyanwa ta taka sai ta yi ƙara, ba ta yi ƙara ba.

Ya ce, "Na ji ba ku da mai riƙe ƙasan waƙa."

Ya tsaya a bayana, bai karɓi takarda ba. Muryarsa na girgiza katakon da nake kai, amma ƙeyata ba ta ji ɗumin numfashi ba.

Da muka zo "kwanta ka huta", ya riga mu sauka. Shekara ashirin ina zagin mutum ɗaya a kan wannan gaggawar: yayana Veit.

Na kasa waiwaye. A hankali ya ce, "Yau ba zagi, ƙanena?"