Hannun Da Ya Shafa Mai

"Gishiri ya yi yawa a waken nan," Kira Marigo ta faɗa tana ture kwanon. "Dama an ce mace in hankalinta ya tafi wurin namiji, hannunta ba ya sanin awo."

Fotini ta sunkuyar da kai.

"Ki yi haƙuri, Mama."

"Haƙuri na ɗana ne da ke ƙarƙashin teku. Shekara biyu ba ta cika ba, har kin fara wanke gashi ranar Talata kamar mai jiran baƙo."

Fotini ta ɗauki 'yarta daga ƙasa ta rungume. Mijinta Minas ya fita kamun kifi tana da cikin wata bakwai, bai dawo ba. Tun daga ranar take sanye da baƙaƙen kaya a gidan uwarsa, Kira Marigo. Ita kuma yarinyar, saboda zaman makoki ba a yi mata baftisma ba, don haka ba ta da suna. Beba kawai ake ce mata, kamar kowace jaririya.

Sai aka ji takun ƙafa a matakala. Lefteris ne, malamin makaranta daga birnin Atina, wanda ya zo tsibirin nan ya kama ɗakin sama don hutun mako biyu. Yanzu yana cikin mako na biyar.

"Barka da rana, Kira Marigo. Wannan ƙamshin zai hana ni komawa gida."

"Da ma wani abu ne ya hana ka," tsohuwar ta ce, ba ta ko dube shi ba.

Da yamma ya iske Fotini a bayan gida tana kwashe shanya a gindin ɓaure. Beba ta tafi da gudu ta riƙe masa ƙafa.

"Fotini tawa... jirgin ruwan Lahadi zan bi. An kusa komawa makaranta."

"Allah ya kiyaye hanya."

"Shi ke nan abin da za ki ce?"

"Me kake so in ce? Kowane baƙo tafiya yake yi."

"Ni ba ni son tafiya ni kaɗai. Ki aure ni. Ke da Beba, mu koma tare."

Zanen da ke hannunta ya faɗi. Ta tsuguna ta ɗauka don kada ya ga fuskarta.

"Ba ka san abin da kake faɗa ba. Wannan yarinyar ita kaɗai ta rage wa Mama a duniya."

"Za mu riƙa zuwa duk hutu."

"Ba ka san ta ba."

"Tsohuwa ce mai baƙin ciki, shi ke nan. Ni zan yi mata magana." Ya rage murya. "Ke dai ki gaya min, zuciyata. Kina so?"

Ta daɗe tana naɗe zanen da ta riga ta naɗe.

"Ranar Asabar za a yi wa Beba baftisma," ta ce a hankali. "Ka bari a gama. In an gama... ka sake tambayata."

Ya yi dariya kamar yaro.

"Rabona da coci tun jana'izar kakata, amma ranar nan ni zan riga limami zuwa."

Ba su lura da tagar kicin da ke buɗe ba.

Washegari Kira Marigo ta tashi kamar an sauya ta. Da hannunta ta dafa wa Lefteris kofi, ta ɗora masa zuma a kan cuku, har tana ce masa "ɗana". Fotini ta gan su zaune a ƙofar gida suna magana ƙasa-ƙasa, yana ta gyaɗa kai yana murmushi.

"Me ta ce maka?" ta tambaye shi daga baya.

"Sirri ne. Amma ki kwantar da hankali, ta karɓe ni."

Fotini ta shiga ɗaki ta yi kukan daɗi. A ranta ta nemi gafarar Allah kan duk mugun zaton da ta taɓa yi wa surukarta.

'Yar'uwar Fotini, Kaliyopi, ce za ta zo daga Rodos ta tsaya wa yarinyar a coci, ta riƙe ta wurin baftisma. Amma tun Alhamis iskar arewa ta taso, teku ya yi fari fat, jirgin Juma'a bai zo ba.

"Mama, ko a ɗaga?"

"A ɗaga me? An toya burodi, an yanka akuya. Na samu mai tsayawa."

"Wa?"

"Mutumin kirki. Ke dai zauna ki jira, kamar yadda na jira nawa."

Haka ake yi a tsibirin. Uwa ba ta zuwa baftismar ɗanta. A gida take zama har a kawo mata shi da sunansa.

Ranar Asabar Fotini ta tsaya a bakin ƙofa tun da ƙararrawa ta fara kaɗawa. A ƙarƙashin baƙar rigarta ta sa wata shuɗiya, wadda ba wanda zai gani. Tana ta maimaita amsar da za ta ba shi. Kalma ɗaya ce kawai.

Can sai ga mutane sun gangaro daga tudun coci. Ta hango kyandir, ta hango limami, ta hango farar rigar 'yarta.

Sai ta ga wanda ke ɗauke da ita.

Lefteris ne. Ya naɗe hannun riga har gwiwar hannu, fatarsa tana sheƙi da man zaitun da ya shafe yarinyar da shi. Fuskarsa cike da murna.

Fotini ta dafa bango.

Ko yaron goye a garin nan ya san wannan. Wanda ya shafa wa yaro mai a coci ya zama ubansa a wurin Allah, ya zama kumbaro, ɗan'uwan uwar yaron. Dangantakar jini ma ba ta kai ta man nan ƙarfi ba. Babu limamin da zai ɗora musu kambin aure, shi da uwar, har abada.

"Fotini, kin gani?" Lefteris ya ce yana haki. "Mama ce ta roƙe ni. Ta ce wannan ce ƙofar shiga danginku. Yarinyar ko kuka ba ta yi sosai ba, jaruma ce."

"Wa... wa ya ce ka yarda?"

"Me ya faru? Ba ki ji daɗi ba?"

Matan da ke bayansa suka kau da kai. Kira Marigo ta matso, ta gyara wa yarinyar hula.

"Ya shiga dangi mana," ta ce da murya mai daɗi. "Shiga ta har abada. Yanzu kai wanta ne, ɗana. Duk mijin da zai nemi Fotini nan gaba, wurinka zai fara zuwa."

Lefteris ya dubi tsohuwar, ya dubi limami. Limamin ya duƙar da kai.

"Ba a gaya min akwai magana tsakaninku ba," ya ce. "Da na sani da ban bari ba. Amma mai ya riga ya taɓa jiki."

"A warware, to," in ji Lefteris.

"Ba ƙulli ba ne, ɗana."

Lefteris ya juyo wurin Fotini.

"Ba komai, Fotini. A Atina ofishi ake zuwa a sa hannu, ba ruwan kowa da mai. Gobe mu shiga jirgi..."

"Zunubin a kan wa zai sauka?" ta tambaya.

"Wane zunubi? Ni ban yarda da..."

"Ni na yarda." Ta dubi 'yarta. "A kanta yake sauka. Teku ya ci ubanta. Ba zan sa ta a jirgi da wannan a wuyanta ba."

"Ban sani ba, wallahi ban sani ba!"

"Na sani. Shi ya sa ta zaɓe ka."

Kira Marigo ta tafa hannu.

"Abinci na hucewa. 'Yar nan, karɓi 'yarki yadda ake karɓa. Ko shi ma sai na koya miki?"

Fotini ta san yadda ake yi. Ta durƙusa a gabansa sau uku, kowa na kallo. Ta kamo hannun da ta yi mako biyar tana satar kallonsa, wanda ba ta taɓa riƙewa ba sai yau, ta kai bakinta. Ɗanɗanon mai ya tsaya mata a leɓe.

"Wane suna aka sa mata?"

Tsohuwar ce ta amsa.

"Marigo."

Fotini ta miƙe ta karɓi yarinyar, ta goge bakinta da baƙin hannun riga.

"Allah ya saka da alheri, kumbaro," ta ce. "Shigo ka ci abinci. Jirginka da sassafe ne."